Abin Da Ya Karkatar Da Robot Ɗin 'Yata

Wani injiniya ya kira ni macuci a gaban 'yata da malamarta da iyayen yara. Ya ce kayan bola na ɗebo na liƙa wa robot ɗin makaranta, shi ya sa aka kunyata su a gasa. Ƙarya ya yi mini. Kuma a lokacin da yake faɗa ya san ƙarya ce, sai dai wannan ban gano shi ba sai daga baya.

Ni mai gyaran waya ne a kasuwar Utako, tun zamanin wayoyi masu tocila a ka. Shagon nawa tebur ne da benci da fitila da gilashin ƙara girma, sai injin iska mai zafi da muke ɗaga ƙananan kaya da shi daga jikin fanel, wato allon da ke cikin waya. A aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya. Turanci ina karanta shi, amma da ƙyar, kamar mai tafiya kan tsakuwa ba takalmi. A Jiwa nake haya, ɗaki biyu a gidan wata dattijuwa manomiya 'yar asalin garin, wadda kowa ke ce wa Mama.

'Yata ta fari sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Tana aji biyar a wata makarantar 'yan mata ta gwamnati lokacin da malamar kimiyyarsu ta tara su su biyar, ta ce za su shiga gasar robot ta makarantu. A rediyo mutum-mutumi ake cewa. Wannan dai babu abin da ya haɗa shi da mutum. Akwati ne kamar kwalin takalmi, da taya huɗu, da hannu guda mai kama abu. Wanda ke koya musu shi ne injiniyan nan. A wata hukumar tarayya yake aiki, ya yi karatu a waje, yana zuwa duk Asabar don kansa. Ba zan ci masa wannan ba.

A gasar akwai wurin da babu mai riƙe rimot. Robot zai tashi shi kaɗai, ya miƙe, ya juya dama, ya jefa ɗan katako a kwando, ya dawo inda ya taso. To, ta yaya akwati zai san inda ya fuskanta? Da farko juyin taya suke ƙirgawa, amma taya na zamewa a kan tayil, ƙirgar ta ɓaci. Sai injiniya ya yi musu odar sensa, wani ɗan abu mai jin juyi da motsi. Irinsa ne a wayarka, wanda ke juya hoto idan ka kwantar da ita. Ya iso, suka yi murna, wata yarinya ta haɗa wayoyin wuta a juye, ya ƙone. Saura kwana goma gasa, sabuwar oda ba za ta iso ba.

Uwata ta zo da shi gida a ƙulle cikin hankici. Ba gyara ta kawo mini ba, nuna mini ta yi kamar yadda ake nuna gawar kaza. Na sa shi ƙarƙashin gilashi, na ga lambar da ke bayan ɗan baƙin abin da ya ƙone. Ban san me lambar ke nufi ba, amma na san fuskarta. Ina da buhu biyu na matattun fanel a ƙarƙashin tebur, waɗanda maƙwabtana na kasuwa ke yi mini dariya a kansu. Kwana biyu ina tonon buhu, na samu irinsa a wata tsohuwar waya da ruwa ya ci mata wani gefen.

Abin bai kai ƙwayar wake ba, ƙafafunsa kuma a ƙarƙashin cikinsa suke, ba ka ganinsu. Da sassafe na yi aikin, kafin janaretocin kasuwa su tashi su fara kaɗa mini tebur. Na ɗaga wanda ya ƙone, na share wurin, na zaunar da nawa, na ba shi zafi har na ga ya ɗan nutsa da kansa, alamar dalma ta kama. Ranar Asabar na rufe shago na bi ta makaranta. Suka jona shi da kwamfuta, Uwata ta juya shi a tafin hannunta, lambobi suka motsa a allo. Injiniya ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam mai waya, a ina ka yi karatu?"

Na ce, "Utako."

Ya yi dariya, ya buga kafaɗata, ya ce wa yaran, "Kun ga injiniyan gaske." Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Mai digiri bai taɓa faɗa mini haka ba.

Daga nan kullum da yamma nakan tashi da wuri in biya ta makarantar. Da aka ɗaura sensa a jikin robot sai ta rikice, saboda girgizar injinan taya na shiga mata. Na yanko robar tsohon silifas na yi mata matashi, na matsar da ita tsakiya nesa da injinan, ta natsu. Lissafin kuwa na injiniya ne da yaran. Shi ya bayyana musu cewa sensar nan tana da 'yar ƙarya a jikinta. Ko tana ajiye cik, sai ta ce tana ɗan juyawa. Don haka idan an kunna robot, sai a bar shi sakan goma ba motsi, ya auna ƙaryar kansa, daga baya ya riƙa cire ta daga lissafi. Ni na gane shi da sikelin mai nama. Kafin ya ɗora kaya sai ya daidaita shi ba komai a kai. Idan wani ya dafa sikelin a lokacin, duk awon da zai biyo baya ya lalace.

Suka sa wa robot ɗin ɗan ƙwan fitila. Ja, yana awo. Kore, ya shirya. Injiniya da hannunsa ya rubuta a allo, ya sa yaran suka maimaita kamar 'yan firamare: ja, kar a taɓa. Uwata ce ta rubuta wannan ɓangaren a kwamfuta, ita ce kuma aka ba ajiye robot a layi da kunna shi.

Ranar gasa a wani babban ɗakin taro aka yi a cikin gari. Masu kati a wuya suna gaba, mu iyaye aka ja mana igiya a baya. Darakta daga hukumar su injiniya ya zo da mutanensa, tunda su suka ɗinka wa yaran riguna. Da aka kira makarantarmu, abin da nake hangowa manyan riguna ne kawai da masu ɗaukar hoto sun kewaye wurin. Can suka dare, robot ya tashi. Taku biyu ya yi a miƙe, sai na ga yana jan hagu a hankali. Ya juya inda ba nan ne wurin juyawa ba, ya jefa katakonsa a ƙasa nesa da kwando, ya je ya dunguri katangar filin ya tsaya yana ƙugi. Ɗakin ya ɗauki dariya.

A wurin ajiye motoci aka taru bayan an tashi. Darakta ya wuce. Wani uba ya tambayi injiniya abin da ya faru, shi ne ya juyo ya nuna ni da makullin motarsa.

"Ga wanda za ku tambaya nan. Mun yarda da shi, ashe macuci ne. Kayan bola ya ɗebo ya liƙa mana. Laifina ne da na bar ɗan kasuwa ya sa hannu a aikin ilimi."

Ni da ke faɗa da 'yan haraji a Utako har sai an riƙe ni, ranar bakina ya mutu. Uwata na tsaye a gefena cikin sabuwar rigarta, ta sunkuyar da kai. Muka hau mota zuwa Jiwa.

Ranar Litinin ta dawo daga makaranta da sensar a cikin baƙar leda, ta ajiye a gabana.

"An ce in kawo maka kayanka."

"Ke fa?"

"An ba wata kunnawa. Ni na bari, Baba. Zan ce a mayar da ni ajin adabi."

Ashe yara sun fara kiranta 'yar mai bola. Kowace makaranta sau biyu take gwadawa a gasar, zagaye na biyu saura mako uku, amma ita ta ce ko ƙofar ɗakin ba za ta sake bi ba. Zagin da aka yi mini zan iya haɗiye shi, na haɗiyi wanda ya fi shi. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne yarinyar da ke tashi da asuba tana zana layuka a bayan littafi yanzu ta kifa littafin. Ni na tsaya a aji biyu don babu yadda zan yi. Ita kuma za ta tsaya saboda hannuna.

Mafi muni, na fara zargin kaina. Wa ya sani, ko ruwan da ya ci wayar ya taɓa sensar. Na kai ta shago na duba ta ƙarƙashin gilashi har idona ya yi ja, na gwada kowace ƙafa da mitar awon wuta. Ban ga komai ba. Amma rashin ganina ba hujja ba ne a gaban mai digiri.

Ranar Alhamis malamar kimiyyar ta zo shagona, wai gilashin wayarta ya tsage. Tsagewar ta shekara guda ce, na sha ganinta. 'Yar Filato ce, Hausarta ta kasuwa, ba ta da kwana-kwana. Ta ajiye wata jaka a ƙarƙashin bencina.

"Baban yarinya, tsohon robot ne na katako, wanda muka fara koyo da shi. Babu mai nemansa. Ka sa abinka ka gwada."

"In ya miƙe fa, Malama?"

"In ya miƙe ka zo ranar Asabar. Ni ba zan iya magana ba, makaranta na buƙatar mutumin nan. Amma ƙofa ni ke buɗewa." Ta tashi, ta kuma juyo. "Na tura maka bidiyon ranar. Wata malama ta ɗauka daga gaba. Ni na kasa kallo."

Ni ma na kasa kallo a ranar. Wa ke son ya sake ganin inda aka yi masa dariya.

Ɗaura sensa a jikin katako ba wuya. Amma zuba masa karatu daga kwamfuta ban iya ba, sai Uwata. Ranar Lahadi da safe na same ta tana wanke-wanke.

"Uwata, aiki zan ba ki."

"Baba, na ce na bari."

"Ban ce ki koma ba. Ni nake so in sani ko macuci ne ni. In macucin ne, gara in sani daga hannunki."

Ta ɗauraye hannu, ta ɗauko tsohuwar laftof ɗin da na haɗa mata daga matattu uku.

Wuri mai santsi a gidan ɗaya ne, simintin da Mama ke shanya masara. Na roƙe ta, ta tattara masarar gefe da tsintsiya tana mita, ta jawo kujera ta zauna kallo. Muka ja layi da gawayi, muka ajiye kwandon cefane a inda kwando ya kamata ya kasance. Uwata ta kunna. Ja. Muka tsaya kamar masu jiran liman. Kore. Ya tashi, ya miƙe a kan gawayin, ya juya dama, ya tsaya a bakin kwando, ya dawo.

Mama ta ce, "Wannan mota naka ba shi da direba, amma ya fi direbobin Gwagwa hankali."

Muka sake. Muka sake. Sau goma sha biyu, bai kauce da faɗin yatsa uku ba. Kaji suka shigo, Mama ta kore su da zani, ta ce kar su jawo wa baƙo haɗari. Ni ina ta murna, amma na lura Uwata ba ta yi mamaki ba ko kaɗan. Ta zauna a bakin siminti tana wasa da gawayi.

A nan na buɗe bidiyon. Na zauna a inuwa, na riƙa tsayar da shi ina matsarwa kaɗan-kaɗan, yadda nake bin layin wuta a fanel. Ga Uwata ta durƙusa ta ajiye robot a layi. Ta danna. Jar fitila ta kama. Sai ga darakta ya sunkuyo da fara'arsa, ya ɗauke shi cak, ya juya da shi wajen masu hoto, ya ɗan bubbuga bayansa kamar mai yaba rago. A hannunsa fitilar ta koma kore. Ya mayar da shi kan layi, har da gyara masa zama.

Na koma baya na sake kallo, wannan karon ba darakta nake kallo ba. Injiniya na tsaye a kafaɗarsa. Lokacin da darakta ya sunkuya, hannun injiniya ya miƙo, ya kusa taɓa hannun rigar ogansa. Sai ya tsaya a iska. Sai ya koma sama ya gyara hula. Yana kallon jar fitilar, yana murmushin hoto.

A ƙasa kuma ga 'yata a durƙushe. Bakinta ya buɗe, ya rufe.

Na kira ta, na miƙa mata wayar. Ba ta karɓa ba.

"Na gani, Baba. Tun a wurin na san zai karkace."

"Kin sani, kika bar ni ina tonon ido a shago kwana huɗu? Me ya hana ki ce masa ya ajiye?"

"Babban mutum ne."

"Bayan an tashi fa? Da ake zagina?"

"In na faɗa, na ƙaryata injiniya a gaban mutane." Ta ɗago ta dube ni. "Kai ka ce ko babba ya ce rana daga yamma take fitowa, in yi shiru har ya tafi."

Na faɗa. Tana 'yar shekara tara wani yayana ya zo daga gida, ya karanta takardar asibiti ba daidai ba, ta gyara masa a gaban baƙi. Da ya tafi na kama kunnenta na faɗa mata wannan maganar, har da ƙari. Na manta, ita ba ta manta ba. Na buɗe baki in yi faɗa, na rasa da wa zan yi.

Mama da ke jinmu ta ce, "To kai ka shuka, me kake nema a gona?"

Na tashi na kunna robot ɗin, ina ganin ja na ɗauke shi, na juya kamar yadda darakta ya juya, na bubbuga bayansa, na ajiye. Ya tashi, taku biyu, ya ja hagu, ya shige cikin masarar Mama. Uwata ta fashe da dariya tana share hawaye. Rabon da in ji dariyarta tun kafin gasa.

Na ce mata, "Wancan karatun da na yi miki, rabinsa kuskure ne. Girmama babba daban, barinsa ya ɓata aiki daban. Amma na san ba a kwana ɗaya za ki sauya ba. Shi wannan akwatin ba shi da kunya. Ba za a iya sa shi ya yi magana da kansa ba?"

Ta jawo laftof. Ta ce ai sensar na jin an ɗauke ta. Abin da za a yi, idan motsin ya yi yawa lokacin ja, ya ƙi komawa kore, ya sake awo daga farko. Na ce bai isa ba, manya ba sa kallon fitila, sai an yi musu ƙara. Washegari na ciro 'yar ƙaramar lasifika daga buhuna. Kwana uku tana fama bayan makaranta, wani lokacin ya yi ihu ba wanda ya taɓa shi, don kawai babur ya wuce a waje. Ta riƙa rage masa jin tsoro har ya daidaita. Kukan da yake yi Mama ta ce na zabuwa ne da aka taka wa ƙwai.

Ranar Asabar da hantsi muka shiga makarantar, ni da jaka ita da laftof. A bakin ƙofar ɗakin ta tsaya. Na ce in ba za ta iya ba mu juya, ba zan ce komai ba. Ta gyara hijabi ta shige gabana.

Injiniya na ciki da sauran yara huɗu, sabuwar sensa ta iso, suna ɗaurawa. Da ya gan ni fuskarsa ta canja.

"Malama, na ɗauka mun gama wannan maganar."

Malamar ta ce, "Yarinyar ce ke da abin nunawa, oga. Minti biyu."

Uwata ta durƙusa, ta ajiye na katakon a layin da ke ƙasa, ta danna. Ja.

"Ba mu da lokacin wasa," in ji shi. Ya tako ya sunkuya ya ɗauke shi don ya kawar gefe.

Zabuwa ta fasa kuka. Yaran suka zabura, shi kansa saura kaɗan ya sake shi. Sai na ji muryar 'yata, ƙasa-ƙasa, amma kowa ya ji.

"Yallaɓai, ja ne. Kar a taɓa. A ajiye shi."

Ya dube ta, ya dubi abin da ke ihu a hannunsa. Ya ajiye. Kukan ya tsaya, ja ta sake kamawa, muka ƙirga goma a zuci. Kore. Ya miƙe, ya juya, ya je, ya dawo ya tsaya daidai ƙafar injiniya. Wata daga cikin yaran, wadda na ji an ce ita ta fara kiran 'yar mai bola, ita ta fara tafi.

Injiniya ya tsuguna, ya ce a nuna masa abin da aka rubuta. Ya daɗe yana karantawa, yana gyaɗa kai. Mutumin ya san aiki idan ya gan shi.

"Wa ya rubuta?"

"Ni ce."

"A zuba shi a robot ɗin gasa. Ki koma wurinki." Bai dube ni ba.

Ta zauna a cikinsu, suka matsa mata. Nan da nan kawuna biyar suka haɗu a kan kwamfuta ɗaya, ana gardamar sakan nawa ya kamata. Ni na tsaya a bakin ƙofa da jakata ba komai a ciki. Abin da na zo nema na samu, da na tafi a lokacin ma babu laifi. Amma shi ya fito, ya ce in zo mu ɗan yi magana, ya ja ni gindin wani mangwaro inda ya ajiye mota.

"Malam, ranar nan rai ya ɓaci. Ka san yadda abubuwa suke. A bar maganar a nan."

Na ciro waya, na nuna masa hoton da na tsayar, hannunsa a iska kusa da rigar darakta. Ya kalla, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Sai ya ɗago.

"Wa da wa suka gani?"

Wannan ce tambayarsa. Bai ce ya yi kuskure ba, bai tambayi yadda yarinyar ta kwana ba. Har yau idan na tuna sai raina ya sosu. Na mayar da wayar aljihu, na matso kusa yadda ba sai na ɗaga murya ba, na ce masa:

"Ban tura wa kowa ba, kuma ba zan tura ba. Ba don kai ba. Yaran nan suna buƙatar lissafinka, ni ban iya shi ba, in aka yi maka canjin wurin aiki su za su yi asara. Tsoron oga kuma na san shi, ni ma ina da masu shago a kaina. Amma kai ka ji tsoron wanda ya fi ka, sai ka waiwaya ka nemi wanda ba shi da kowa ka taka. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ta yi shiru, ta kwana tana kuka. Kai ka yi shiru, ka kwana lafiya. Yau ita ta buɗe baki, saura kai. Yanzu za mu koma ciki, ka faɗa a gaban yaran nan biyar da malamarsu cewa aikina lafiyarsa ƙalau, robot ɗagawa aka yi. Ba sai ka ce wa ya ɗaga ba, sun sani. Ranar gasa kuma ka samo mini katin wuya, a bakin layi zan tsaya. In daraktanka ya sake miƙo hannu, ka gyara hularka, ni zan ce masa ya bari, tunda ba shi da inda zai tura ni da ya wuce Utako. Yafiya kuma ban kai can ba tukuna, kar ka tambaye ni yau. Wuce mu je, suna jira."